Baron Görtz, Wazirin da Kuɗin Tagulla Suka Ci

An haifi Georg Heinrich von Görtz a ƙasar Jamus. Ya fara aiki a fadar Holstein-Gottorp, inda ya yi suna wajen iya shawarwari tsakanin sarakuna. Cikin 1714 ya sadu da Sarki Charles na 12 na ƙasar Suwidin a garin Stralsund, sa'ad da sarkin ya komo daga Turkiyya, inda ya fake tun da Rashawa suka karya rundunarsa a Poltava cikin 1709.

Sarkin ya tarar baitulmali ya ƙafe, bashi ya yi katutu, shi kuwa bai yarda ya ajiye takobi ba. Sai ya danƙa wa wannan baƙo ragamar kuɗin ƙasa, ko da yake Görtz bai taɓa zama ɗan ƙasar ba.

Tun daga 1715 aka soma buga waɗansu ƙananan kuɗi na tagulla, aka ce kowane ɗaya daidai yake da dala guda ta azurfa. A lokacin nan, dalar Suwidin ta tagulla faranti ce mai nauyin fiye da rabin kilo, sabon kuɗin kuwa bai kai giram 10 ba. Alkawarin hukuma shi ne za ta fanshe su in yaƙi ya ƙare. Daga 1715 zuwa 1719 an buga iri 10, jimlarsu wajen miliyan 42. A jikin waɗansu an zana gumakan Rumawa, irin su Jupiter da Mars, har jama'a suka riƙa kiransu gumakan Görtz. Gaskiya ba shi ya ƙago dabarar ba, amma shi ya faɗaɗa ta, yana tilasta wa mutane su kawo azurfarsu su karɓi tagulla. Kaya suka yi tsada, talaka da attajiri duk suka ƙullace shi.

Ran 30 ga Nuwamba 1718 harsashi ya kashe sarkin a Fredrikshald ta ƙasar Nowe. Nan da nan aka kama Görtz. Shari'ar da aka yi masa ta jeka-na-yi-ka ce, don ko lauya ba a ba shi ba. Babban laifin da aka ɗora masa shi ne raba sarki da talakawansa. Aka fille masa kai a Stockholm ran 19 ga Fabrairu 1719.

Cikin shekarar nan hukuma ta janye kuɗin a kan rabin darajarsu. Na ƙarshe da aka buga, sunansa Fata.