Louis Pasteur: Daga binciken haske zuwa ƙwaryar nono

An haifi Louis Pasteur a garin Dole na ƙasar Faransa ranar 27 ga Disamba, 1822. Mahaifinsa majemi ne, tsohon sojan Napoleon. Yaron ya tashi a Arbois, kuma a lokacin an fi saninsa da iya zane fiye da karatu. Daga bisani ya shiga babbar makarantar horar da malamai ta Faris, ya sami digirin dakta a 1847.

Aikin da ya fara fito da sunansa bai shafi cuta ko abinci ba. Masana na wancan zamani sun san wani sinadari da ke taruwa a gangunan ruwan inabi, wanda idan aka narkar da shi yakan murɗa haske zuwa dama. Sai ga wani mai kama da shi ta kowace fuska, amma ba ya murɗa hasken ko kaɗan. A 1848 Pasteur ya duba ƙwayoyin gishirin wannan na biyu da madubin ƙara girma, ya gano iri biyu ne a gauraye, kamar hannun dama da na hagu. Ya tsince su ɗaya bayan ɗaya da matsefata. Kashi ɗaya ya murɗa haske dama, ɗayan hagu; idan suka haɗu sai su kashe juna.

Mai karatu na iya tambayar amfanin wannan ga talaka. Amsar ta zo bayan shekara takwas. A 1856, yana shugaban tsangayar kimiyya a Lille, wani mai masana'anta ya kawo masa kukan cewa barasar da yake sarrafawa tana lalacewa. Pasteur ya riga ya lura cewa sinadaran da ke murɗa haske daga abubuwa masu rai suke fitowa, ya kuma san akwai irinsu a cikin abin da ya tsimu. Wannan ya sa ya yi zargin cewa tsimuwa aikin halitta ce mai rai. A 1857 ya wallafa bincikensa kan ƙwayoyin da ke haddasa irin tsamin nono. Sannan da kwalabe masu lanƙwasasshen wuya ya nuna cewa romon da aka tafasa ba ya ruɓewa muddin ƙura ba ta shiga ba.

Daga nan ne dabarar da ke ɗauke da sunansa ta fito: a ɗumama abin sha daidai yadda ƙwayoyin za su mutu, ɗanɗano bai canja ba. Ya yi mata rajista a 1865 domin ruwan inabi, wasu suka kai ta ga madara. A yau akan riƙe madara a zafin digiri 72 na daƙiƙa 15. Duk inda ake shan ɗanyen nono, tarin fuka na shanu da cutar bakkale na iya bi ta cikinsa su kama mutum. Dafa madara kafin a kafa kindirmo shi ne maganin.

Rayuwa ba ta yi masa sauƙi ba. Uku daga cikin 'ya'yansa biyar sun rasu suna ƙanana, kuma a 1868 ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Duk da haka a 1881 ya gwada rigakafin ciwon saifa a kan tumaki, a Yulin 1885 kuma ya yi wa Joseph Meister, ɗan shekara 9, allurar haukan kare, yaron ya rayu.

Ba a rasa nono a ruga, ba a kuma rasa aibi ga ɗan Adam. Littattafan ɗakin bincikensa, waɗanda Gerald Geison ya nazarta ya kuma wallafa sakamakon a 1995, sun nuna cewa rigakafin 1881 ba ta hanyar da ya bari jama'a suka ɗauka aka haɗa shi ba. Ya rasu ranar 28 ga Satumba, 1895.

Masu riƙe da kuɗin jami'o'i su yi tunani. Da an tambayi saurayin nan ribar tsintar gishiri a 1848, da ba shi da amsa, kuma da an hana shi aikin, da an yi asarar sauran. Mai son inuwa gobe, yau yake dasa itace.