Richard Sternfeld, matashin da ya jera macizan Togo a littafi

Manomin da kububuwa ta sara a gonar dawa a kewayen Dapaong, ko a wani ƙauye na Sokode, ba ruwansa da sunan da Turawa suka laƙaba mata. Abin da ke gabansa shi ne a kai shi asibiti kafin jini ya fara tsattsafowa daga dasashinsa. Amma ma'aikacin lafiyar da zai ɗauko allura dole ya kula da sunan, domin a takardar maganin an rubuta macizan da aka haɗa shi dominsu, kuma da Latinanci aka rubuta. Cikin mutanen farko da suka zauna suka jera macizan Togo ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sunansa da alamominsa, akwai wani Bajamushe Bayahude mai suna Richard Sternfeld. Yana da shekara 24 ya yi wannan aiki, a 1908. Shekara 35 bayan haka 'yan Nazi suka kashe shi a sansanin Auschwitz.

An haife shi ranar 8 ga Fabrairun 1884 a garin Bielefeld na Jamus, mahaifinsa ɗan kasuwa ne. A 1903 ya shiga jami'ar Freiburg da niyyar zama likita, amma bai daɗe ba ya sauya shawara, ya koma Bonn yana karatun ilimin halittu. A 1907 ya dawo Freiburg ya karɓi digirin dakta a hannun August Weismann, malamin nan da ya yi suna da yanke wa ɓeraye wutsiya, tsara bayan tsara, don ya nuna cewa 'ya'yansu da wutsiyarsu za a haife su. Binciken Sternfeld na digiri bai shafi maciji ba ko kaɗan. A kan wasu ƙananan ƙwari ya yi shi, masu tasowa daga ruwa su yi yini ɗaya ko biyu su mutu.

Aikin da ya samu ne ya haɗa shi da macizai. Gidan ajiyar dabbobi na jami'ar Berlin ya ɗauke shi, ya zauna tare da Gustav Tornier, wanda ke kula da sashen macizai, ƙadangaru, kunkuru da kwaɗi. A lokacin kaya sun yi wa gidan yawa. Jamus ta kama Togo da Kamaru tun 1884, ga kuma ƙasashenta na gabashi da kudu maso yammacin Afirka da tsibiran tekun Pasifik. Daga duk wuraren nan jiragen ruwa na kawo akwatuna cike da kwalabe, kowace da dabba a jiƙe cikin ruwan alkohol, da 'yar takarda mai ɗauke da sunan gari da sunan wanda ya aiko.

Masu aikowar yawanci jami'an mulki ne da sojoji. A Sokode, likita Hermann Kersting ne ya kafa barikin Jamusawa a 1898, kuma har yau akwai tsirrai masu ɗauke da sunansa. A can arewa, a Sansanne Mango, wadda ƙasar Dapaong ke ƙarƙashinta a wancan zamani, akwai wani hafsa Gaston Thierry, wanda ya yi ƙaurin suna wajen ƙarfin hannu kafin a kashe shi kusa da Mubi a 1904. Tornier ya sa sunan mutumin nan a kan wata kulɓa a 1901, wadda yanzu ake kira Chalcides thierryi. Su kuwa waɗanda suka shiga ciyawa suka ɗaga duwatsu, wato mafarauta, 'yan dako da dakarun bariki, waɗanda tun farko akwai Hausawa da yawa a cikinsu, ba a saba rubuta sunansu a takardun kwalaben ba. Wannan gibi ne babba, domin su ne suka san inda kowane maciji ke kwana da lokacin da yake fitowa.

Kafin Sternfeld wasu sun taɓa aikin. Paul Matschie ya rubuta kan dabbobin Togo masu jan ciki da kwaɗinta a 1893, Franz Werner ya ƙara nasa, shi kuma Tornier ya yi na kadoji, kunkuru da ƙadangaru a 1901. Abin da Sternfeld ya yi a 1908 shi ne tattara macizan wuri guda a mujallar gidan ajiyar. A 1909 ya mayar da aikin ƙaramin littafi mai suna Die Schlangen Togos, wato macizan Togo, cikin jerin littattafan da aka shirya kan dabbobin ƙasashen da Jamus ke mulka. Ya yi irinsa ga Kamaru, sannan ga gabashin Afirka da ƙasar da yanzu ake kira Namibiya. Cikin shekara shida da rabi a Berlin ya fitar da rubuce-rubuce 26.

Aikin kansa na haƙuri ne, babu wani abin burgewa a cikinsa. Launin maciji yana dusashewa in ya daɗe a alkohol, kuma ko da ransa launi na yaudara: 'yan uwan juna na iya bambanta, baƙin juna na iya kama. Don haka sai a koma ga ƙirga. A shimfiɗa macijin a faranti, a ƙirga ɓawon cikinsa tun daga wuya har gindin wutsiya, a duba na ƙarƙashin wutsiya ko ɗaiɗai suke ko bibbiyu, a ƙirga layukan da suka zagaye tsakiyar jiki, a duba yadda ɓawon kai ya jeru, a buɗe baki a ga haƙora. Idan lissafin bai dace da na wani macijin da aka riga aka sani ba, sai a ba shi suna mai kalma biyu, ta farko ta dangi, ta biyu ta nau'i, bisa tsarin da Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ya kafa wa dabbobi a 1758. Macijin da aka duba aka raɗa sunan kuwa, ana ajiye shi har abada. Shi ne shaida. Duk mai jayayya, ko bayan shekara ɗari, sai ya je ya ɗauko kwalbar ya sake ƙirgawa.

Bahaushe ma yana da nasa rabe-raben tun kafin wannan. Ya raba kasa da kububuwa, ya raba kumurci da gamsheƙa, ya san mesa, ya san damatsiri, ya bambanta guza da damo, kwaɗo da burduddugi. Fataken goro da suka riƙa ratsa Mango da ƙasar Kotokoli a hanyarsu ta zuwa Salaga sun kai waɗannan sunaye zango-zango. A 1906, shekara biyu kafin aikin Sternfeld, an buga ƙamus ɗin Hausa na Adam Mischlich a Berlin ɗin nan, kuma Mischlich ya yi zama a Kete Krachi tare da Imam Umaru, malamin da aka haifa a Kano. Sai dai sunan gida yana da iyaka. Kalma ɗaya kan rufe macizai biyu ko uku, kuma takan sauya ma'ana daga gari zuwa gari. Akwai wani maciji mai cin ƙwan tsuntsaye, marar dafi, wanda zanen bayansa ke kama da na kububuwa, har ma yakan goga jikinsa ya fitar da irin sautinta in an tsokane shi. Ido daga nesa ba ya raba su, ƙirgar ɓawo da duban haƙora ke rabawa.

Ƙirgar ma ba ta gama komai ba, kuma kububuwar ce babban misali. A zamanin Sternfeld da shekaru da yawa bayansa, masana na kiran kububuwar yammacin Afirka da Echis carinatus, sunan da aka ba wa ta Indiya tun 1801. Ana ganin maciji ɗaya ne daga Indiya har Senegal. Sai a 1970 wani masani ɗan Suwizalan, Othmar Stemmler, ya ware tamu ya kira ta ocellatus, saboda ɗigo-ɗigon farare masu kama da ido da ke gefen jikinta. Macijin da ya kafa shaida da shi daga Garango aka samo shi, a Burkina Faso, yamma da Tenkodogo, garin da motocin Dapaong ke ratsawa in za su Wagadugu. Daga baya aka amince nau'i ne mai zaman kansa.

Wani zai ce gardamar malamai ce kawai. Ba haka ba ne. Maganin dafi ana yin sa ne ta hanyar yi wa doki ko tunkiya allurar dafin wani maciji kaɗan-kaɗan, sannan a tace kariyar da jinin dabbar ya samar. Maganin da aka yi da dafin ta Indiya ba ya kama dafin ta Afirka yadda ya kamata. Wani rahoto da likitoci suka wallafa a 2008 daga wani asibitin karkara a tsakiyar Ghana ya nuna haka ƙarara: da aka sauya maganin da aka saba da wani na Indiya, masu mutuwa bayan saran kububuwa suka tashi daga kashi 1.8 cikin ɗari zuwa kashi 12.1. Dafinta yana hana jini daskarewa, mutum na iya tafiya da ƙafarsa yau, jibi ya zubar da jini ta ciki, abin da ya sa ake mata kirari da gobe da nisa. Shi ya sa magungunan EchiTAb, waɗanda aka gwada a Kaltungo ta jihar Gombe, da dafin macizan Najeriya aka haɗa su. Rabe-raben bai tsaya ba har yanzu: a 2018 Jean-François Trape ya sake ware kububuwar Chadi, Kamaru da wani sashe na Najeriya da sabon suna, Echis romani.

Shi dai Sternfeld bai tsaya kan Togo ba. Shi aka ba wa dabbobi masu jan ciki da ayarin Adolf Friedrich, basaraken Mecklenburg, ya kwaso daga tsakiyar Afirka a 1907 zuwa 1908. A 1912 ya raɗa wa wata hawainiya ta dazukan can sunan basaraken, adolfifriderici, kuma a shekarar ce aka naɗa mutumin gwamnan Togo, na ƙarshe da Jamus ta yi. A 1913 Sternfeld ya koma gidan ajiyar Senckenberg a Frankfurt, inda ya faɗaɗa aikinsa zuwa Asiya, Ostareliya da Kudancin Amurka. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya katse shi. Aka ɗauke shi soja, rundunarsa ta yi yaƙi a Masedoniya. Togo kuwa ta fita hannun Jamus tun watan Agustan 1914, aka raba ta tsakanin Ingila da Faransa. Rabon ya bar wa masana ƙaramin ciwon kai: Yendi da Kete Krachi yanzu suna Ghana, Mango da Sokode suna Togo, don haka ba duk kwalbar da aka rubuta wa Togo a wancan lokaci ba ce ta fito daga Togon yau. Kulɓar Thierry ma daga Mango da Yendi aka ce ta fito, wato ƙasa biyu a taswirar yanzu.

Bayan yaƙi ya dawo Frankfurt, ya bayyana sababbin ƙadangarun Ostareliya a 1919, amma zaman bai yi daɗi ba. Ya samu saɓani da shugaban gidan, Otto zur Strassen, kuma da ya yi yunƙurin haɗa ma'aikata cikin ƙungiyar ƙwadago, sai aka sallame shi a ƙarshen 1920. Yana da shekara 36, lokacin da masani ke fara nuna. Wanda ya gaje shi, Robert Mertens, ya zama ɗaya daga cikin manyan masana fannin a duniya, ya kuma rasu a 1975 bayan wani siririn macijin bishiya na Afirka da yake kiwo ya sare shi, ba a kuwa da maganin dafinsa.

Sternfeld bai sake komawa bincike a wani gidan ajiya ba. Daga 1923 ya zama ɗan jarida, yana ɗauko labarin tseren dawaki wa jaridar Sportwelt, har ya zama cikin waɗanda ake ji da su a Jamus kan asalin dawakin tsere da kiwonsu. Mahayan Sokode, waɗanda suka san darajar sanin uwar doki da ubansa, za su gane cewa bai yi nisa da tsohuwar sana'arsa ba: duban ƙira ne da bin dangi.

Hitler ya hau mulki a 1933. A watan Maris na 1937 aka raba Sternfeld da aikin jarida saboda shi Bayahude ne, ba a dubi cewa ya yi wa ƙasar yaƙi ba. Daga 1941 aka sa shi aikin ƙarfi na dole a Berlin, birnin da ya fara aiki yana saurayi. A ƙarshen Fabrairun 1943 'yan Nazi suka bi masana'antun birnin suna kwashe Yahudawan da suka rage. Ranar 1 ga Maris aka saka shi a jirgin ƙasa zuwa Auschwitz, yana da shekara 59, kuma a can aka kashe shi cikin wannan shekara.

Fiye da nau'i arba'in na macizai da ƙadangaru da ya raɗa wa suna har yanzu ana amfani da sunayensu, kuma bisa al'adar fannin, duk inda aka rubuta su cikakke sai an biyo da sunansa da shekarar. A 1963 aka sa wa wata hawainiyar duwatsun Tanzaniya sternfeldi don tunawa da shi. Jerin macizan Togo kuwa ya koma hannun 'yan ƙasa: a 2011 Gabriel Segniagbeto na jami'ar Lome da abokan aikinsa suka wallafa sabon jeri mai nau'i 91, kuma sai da suka koma ga rubuce-rubucen Jamusawan farko don su tantance wane suna ke tsaye, wane ya faɗi. Ɓangaren gabas na gidan ajiyar Berlin, wanda bam ya rusa a watan Fabrairun 1945, an sake gina shi aka buɗe a 2010. A ciki aka jera kwalabe kimanin 276,000 a kan kantoci, tun daga ƙasa har rufi.