Ibnu Sina: Likitan da Ya Yi Sakaci da Lafiyar Kansa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ƴan'uwa Musulmi, a wannan fitowa mun ɗauko tarihin Abu Ali Husaini ɗan Abdullahi, wanda duniya ta sani da Ibnu Sina. An haife shi a shekara ta 980 miladiyya a ƙauyen Afshana kusa da Buhara, cikin ƙasar Uzbekistan ta yau. Yana ɗan shekara goma ya haddace Alƙur'ani. Bai cika ashirin ba ya yi wa sarkin Buhara, Nuhu ɗan Mansur, magani, sarkin kuwa ya buɗe masa ɗakin littattafan fada. Daga baya ya yi wazirci a Hamadan, ya ɗanɗani kurkuku, sannan ya koma Isfahan. Littafinsa Alƙanun fiɗ-Ɗibbi, mai juzu'i biyar, an juya shi zuwa Latinanci, aka yi ɗaruruwan shekaru ana karantar da shi a jami'o'in Turai.

Sai dai mutumin da ya tsara wa jama'a ƙa'idojin ci da sha da barci da motsa jiki bai tsare su a kansa ba. Shi da kansa ya ba da labari cewa in barci ya rinjaye shi wajen karatun dare, yakan sha kofin giya don ƙarfinsa ya dawo. Almajirinsa Juzjani kuma ya ruwaito cewa a Hamadan, bayan yinin hidimar sarki da darasin dare, akan kawo mawaƙa a zauna shaye-shaye, kuma malamin ya wuce kima wajen biyan sha'awa. Gajiya da damuwar fada gaskiya ne, amma mafakar da ya zaɓa ita ta riƙa cin jikinsa.

Da ciwon murɗar hanji ya kama shi, gaggawar warkewa ta sa ya yi wa kansa ɗuren magani sau takwas a rana guda, har hanjinsa ya yi gyambo. Da ya ɗan ji sauƙi sai ya koma ga al'adarsa, ciwon ya yi ta dawowa. Malaman tarihi sun ambata cewa da ya ga ƙarfi ya ƙare, ya bar magani, ya yi wanka ya tuba, ya yi sadaka da dukiyarsa, ya ƴanta bayinsa, ya riƙa sauke Alƙur'ani duk kwana uku. Ya rasu a Hamadan cikin Ramadan na 428 hijiriyya, wato 1037, yana da shekara 57.

Mun san Imamu Gazali ya yi masa raddi kan wasu ra'ayoyinsa na falsafa; hukuncinsa yana wurin Allah. Abin da ya shafe mu shi ne: in ilimin Ibnu Sina bai kare shi daga son zuciya ba, me zai kare ɗanmu da ke haɗiyar taramol don ya jure aiki ko ya manta talauci? Jiki amana ne, da shi ake ruku'u, azumi da neman halal, kuma za a tambaye mu yadda muka ƙarar da shi. Ibnu Sina ya samu jinkirin tuba a kan shimfiɗar jinya. Ba wanda aka yi wa alkawarin irin wannan jinkiri.

Allah ya gafarta masa, ya ba mu lafiya mai amfani, ya shiryi zuriyarmu. Amin.