Henri Moissan: masanin da ya shawo kan sinadari mai kisa

Fiye da shekara saba'in masana kimiyya a Turai sun san akwai wani sinadari ɓoye cikin wasu duwatsu, amma sun kasa ware shi. Sunansa fuliyor, iska ce mai launin ɗorawa da ke cinye kusan duk abin da ta taɓa. Masu neman sa da dama sun sha gubarsa, har wasu suka rasa rayukansu, kamar Paulin Louyet na Beljiyam da Jérôme Nicklès na Faransa. Wanda ya kai ga nasara daga ƙarshe shi ne Bafaranshe Henri Moissan.

An haife shi a Paris ranar 28 ga Satumba 1852. Mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mahaifiyarsa kuwa tela. Ya fara da koyon sana'a wajen mai agogo, sannan ya shiga aiki a kantin magani, inda sha'awar ilimin sinadarai ta kama shi.

Matsalar fuliyor ita ce, da zarar an ware shi sai ya manne wa wani abu ko ya ci kwanon da yake ciki. Moissan ya ƙera na'ura da ƙarfen filatin mai tsada, ya sanyaya ta matuƙa don rage kaifin sinadarin, sannan ya ratsa ruwan gubar da wutar lantarki. Ranar 26 ga Yuni 1886 iskar ta fito. Da manyan masana suka zo ganin ido, gwajin ya ƙi. Moissan ya bi sawu har ya gane cewa wajen tace ruwan ya cire gishirin da ke bai wa lantarki hanya. Ya mayar da shi, aikin ya yi kyau a gabansu.

A 1892 ya ƙera tanda mai aiki da lantarki, wadda zafinta kan kai digiri 3,500. A cikinta ya narkar da ƙarafa masu taurin kai, ya kuma haɗa dutsen nan mai wari da masu walda ke zuba wa ruwa ya ba da gas. Ya yi zaton ya ƙera lu'ulu'u, amma masanan da suka biyo baya ba su gamsu da hakan ba. Cikin wani dutse da ya faɗo daga sama a Arizona ta Amurka kuwa, ya gano ma'adini mai tauri ƙwarai, wanda aka raɗa wa sunansa.

Ya samu kyautar Nobel a 1906, Bafaranshe na farko a fannin sinadarai. Wata biyu bayan karɓarta, ranar 20 ga Fabrairu 1907, ya rasu sakamakon ciwon apandisit, yana da shekara 54.

Aikinsa ya shafi Nijar kai tsaye. Yuraniyom ɗin da ake haƙowa a Arlit ba ya amfanar yawancin tashoshin nukiliya sai an haɗa shi da fuliyor, ya zama iska, a tace shi. Shekara da shekaru a masana'antun Faransa aka yi ta yin wannan aiki. Ke nan ma'adinin yana fita ne daga ƙasarmu, amma ilimin da ke ɗaga darajarsa a ɗakin gwajin Moissan ya faro.