J.R.R. Tolkien: Malami da Rana, Marubuci da Dare

An haifi John Ronald Reuel Tolkien a Afirka ta Kudu a 1892, ya girma a Ingila. Mahaifiyarsa gwauruwa ta shiga Ikilisiyar Katolika a 1900, saboda haka danginta suka janye mata taimako. Da ta rasu a 1904, Fada Francis Morgan ne ya riƙe shi da ƙanensa.

Ya fara koyarwa a Jami'ar Leeds a 1920, sa'an nan ya zama farfesan tsohon Turanci a Oxford a 1925. Ɗawainiyar 'ya'ya huɗu ta sa ya riƙa duba takardun jarrabawa lokacin hutu domin ƙarin kuɗi. A kan shafin da wani ɗalibi ya bari ba rubutu ya rubuta jimlar farko ta The Hobbit, labarin wata duniya da ya ƙago, wanda ya fito a 1937.

Rana ta ɗalibai ce, rubutu kuwa sai dare ko hutu. Shi ya sa The Lord of the Rings ya ci masa shekara 12, aka buga shi a 1954 da 1955. Duk da haka bai bar koyarwa ba sai a 1959. Ilimin harsunan da yake koyarwa shi ne tushen labaransa.

Shi ne kuma ya fassara littafin Annabi Yunana domin Jerusalem Bible na 1966. Babban ɗansa ya zama firist. Ya rasu ran 2 ga Satumba, 1973. Allah ya ba shi hutawa ta har abada.