Thomas Molyneux (1661–1733)

An haifi Thomas Molyneux a birnin Dublin na ƙasar Ailan a shekarar 1661. Ya yi karatu a Kwalejin Trinity, sannan ya ƙaro ilimin likitanci a Leiden ta ƙasar Holan. Ko da yake likita ne, abin da ya fi fito da sunansa shi ne nazarin wasu manya-manyan ƙahoni masu rassa da ake tonowa a dausayin Ailan, waɗanda faɗinsu kan haura mita 3.

A shekarar 1697 ya wallafa bayanin kimiyya na farko game da wannan ƙatuwar barewa. Sai dai Molyneux bai yarda cewa wata halitta za ta ƙare ƙurmus daga doron ƙasa ba, domin a ganinsa hakan ya saɓa wa tanadin Mahalicci. Saboda haka ya ce annoba ce ta kashe ta a Ailan, amma danginta suna nan a Amurka, wato dabbar da ake kira mus. A nan ya kuskure. A 1812 Georges Cuvier na Faransa ya gwada ƙasusuwan, ya tabbatar da cewa irinta ya shuɗe. Molyneux ya rasu a 1733.