Louis Armstrong (1901-1971): Mabushin Ƙaho Mai Adana Faifai

Gabatarwa

Da yawa daga cikinmu mun san Louis Armstrong da muryarsa mai kaushi a waƙar What a Wonderful World ta 1967. Kaɗan ne suka san cewa mutum ne mai tattara faifai da adana murya. A wannan ɗan rubutu zan kawo tarihinsa a taƙaice, sannan in nuna abin da ɗalibin harshe zai koya daga wannan ɗabi'a tasa.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haife shi ranar 4 ga Agusta, 1901, a birnin New Orleans na ƙasar Amurka, cikin talauci. A daren shiga shekarar 1913 ya harba bindiga sama, aka kama shi aka kai shi gidan horon yara baƙaƙen fata. A can ne wani malami mai suna Peter Davis ya koya masa busa ƙaho. A 1922 maigidansa a sana'a, King Oliver, ya kira shi Chicago, kuma a 1923 aka fara jin busarsa a faifan garmaho. Daga 1925 ya soma fitar da faya-fayai da sunan ƙungiyarsa ta Hot Five, waɗanda suka sauya salon kiɗan jaz.

Faya-fayan Haɗin Gwiwa

Masu tara faifai sun fi neman ayyukan da ya yi tare da wasu gwanaye. A watan Agusta na 1956 shi da zabiya Ella Fitzgerald suka ɗauki waƙoƙi 11 cikin yini ɗaya, kamfanin Verve ya fitar da su da sunan Ella and Louis. Muryarta garau take, tasa kuwa kamar ana jan buhu a kan tsakuwa, amma sai suka dace. Suka ƙara da Ella and Louis Again a 1957, sai Porgy and Bess. A 1961 kuma ya haɗu da Duke Ellington suka yi faifai tare.

Zuwansa Afirka

A 1956 ya ziyarci Ankara, inda ya yi wasa da E.T. Mensah. A 1960, jim kaɗan bayan samun mulkin kai, ya zo Nijeriya, har akwai hotonsa tare da Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, a Kaduna. A lokacin ƙaho ne ke jan ragamar kiɗan hailaif, kamar yadda ake ji a faya-fayan Rex Lawson na Fatakwal.

Ma'ajiyarsa

Tun daga ƙarshen 1950 Armstrong ya riƙa yawo da rikoda mai zaren tef. Yana kwafe faya-fayansa a kai don ya saurara a kan hanya, yana kuma ɗaukar hirarsa da matarsa Lucille da abokai, da barkwanci, har da gardama. Ya bar faya-fayan tef sama da 600. Ya sa musu lamba, ya rubuta abin da ke ciki da hannunsa, ya ƙawata akwatunansu da hotuna da guntayen jarida. Ya rasu ranar 6 ga Yuli, 1971. Gidansa da ke unguwar Corona a New York ya zama gidan tarihi a 2003, kuma a 2018 aka sanya kayan a intanet. Abin lura shi ne, da bai adana na hannu ba, da babu abin da za a sanya.

Darasi Gare Mu

Ni ba Bahaushe ba ne. Na koyi Hausa a unguwar Hausawa ta Anacha, kuma rabin karatuna a rumfar wani dattijo mai kaset na yi shi, wanda muke kira Baba. Daga kaset ɗin Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos na tsinci karin magana da kirari. A hutun da ya wuce na bi unguwannin Hausawa na Inugu da Fatakwal ina neman irin waɗannan kaset, sai na tarar yawancin masu sayarwa sun koma tura waƙa a waya. Waƙoƙin da aka tura mini ba suna, ba shekara, wasu ma an yanke farkonsu. Faifan Ella and Louis kuwa da na gada wurin kawuna, bayansa ya faɗa mini cewa Oscar Peterson ne ya kaɗa piyano, Ray Brown da Herb Ellis da Buddy Rich suka mara masa baya. Wannan ya sa na fi son abin da zan riƙe a hannu, domin mai nazari yana bukatar sanin wa ya faɗa, yaushe, kuma a ina.

Kammalawa

Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya a 2015, kaset ɗinsu kuma suna lalacewa a cikin kwalaye. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya ga tsohon kaset ko faifan garmaho a gida, kada ya yar. Ya tambayi iyaye inda aka saye shi da shekarar, ya rubuta a jikinsa, ya kwafa a kwamfuta, sannan ya kawo sashe a ajiye na asalin. Hausawa sun ce, adana ta fi nema.